Sharhi: Shari'ar da ta sassauta riƙon da NASCAR ta yi wa gasar tseren motoci ta Amurka

A ranar Alhamis, 11 ga Disamba, 2025, rana ta tara da fara shari'a a kotun tarayya da ke birnin Charlotte a jihar Karolina ta Arewa, lauyoyin ɓangarorin biyu suka shaida wa Mai shari'a Kenneth Bell cewa sun sasanta. Aka sallami masu taya alƙali yanke hukunci ba tare da sun ce uffan ba.

Da haka aka rufe taƙaddamar watanni 14 tsakanin NASCAR, hukumar da ke gudanar da gasar tseren motoci mafi farin jini a Amurka, da biyu daga cikin ƙungiyoyin da ke fafatawa a gasar: 23XI Racing, wadda tsohon gwarzon ƙwallon kwando Michael Jordan ya kafa tare da direba Denny Hamlin, da Front Row Motorsports ta ɗan kasuwa Bob Jenkins.

Ginshiƙin sulhun shi ne NASCAR ta amince takardun gurbin da take bai wa ƙungiyoyi su zama na dindindin. Wannan kuwa shi ne abin da shugabanta, Jim France, ya daɗe yana ƙi, har ma ya sake kare ƙin nasa a gaban kotu a makon da aka yi sulhun. An mayar wa ƙungiyoyin biyu takardunsu guda shida. Akwai kuɗi a cikin yarjejeniyar, sai dai ɓangarorin sun amince kada a bayyana adadinsu.

Ko ga wanda bai taɓa kallon tseren mota ba, tambayar da ke ƙarƙashin wannan shari'a ba baƙuwa ba ce, domin masu bibiyar ƙwallon ƙafa sun daɗe suna jin ta: shin ya halatta hukuma ɗaya ta zama ita ke kafa dokar wasa, ita ke hukunta wanda ya karya, ita ke da filin wasa, ita ce kuma ke sayar da wasan ta raba kuɗin yadda ta ga dama?

Gasar da iyali ɗaya ya mallaka

NASCAR ba hukuma ba ce irin wadda mambobi ke zaɓen shugabanninta. Kamfani ne mai zaman kansa wanda Bill France ya kafa a garin Daytona Beach na jihar Florida a 1948, kuma har gobe yana hannun zuriyarsa. Jim France ɗansa ne. Ƙungiyoyin da ke kashe miliyoyin daloli wajen haɗa motoci da ɗaukar direbobi ba su da hannun jari a cikinsa, ba su da kuma ƙuri'ar da za su sauke shugaba.

Wannan ya sha bamban da sauran manyan wasannin Amurka. A gasar ƙwallon kwando ta NBA, inda Jordan ya yi wasa sannan ya mallaki ƙungiyar Charlotte Hornets har zuwa 2023, masu ƙungiyoyi su ne masu gasar, su ke naɗa kwamishina, su ke iya tsige shi. Mutumin da ya zauna a kujerar irin wannan majalisa shekara da shekaru, da wuya ya yarda a mayar da shi ɗan haya a wani gidan.

Tarihi ya nuna yadda iyalan France ke ɗaukar duk wani yunƙurin haɗa kai a kansu. A 1961, da direba Curtis Turner ya yi ƙoƙarin shigar da direbobi ƙungiyar ƙwadago, Bill France ya kore shi daga gasar tare da Tim Flock, korar da aka ce ta har abada ce, ko da yake an yafe wa Turner a 1965. A 1969 manyan direbobi ƙarƙashin jagorancin Richard Petty suka ƙaurace wa tseren farko da aka shirya a sabon filin Talladega, saboda tayoyi na fashewa a irin gudun da ake yi a filin. France bai ɗage tseren ba. Ya cike guraben da wasu direbobi, aka yi tsere, ƙungiyar direbobin kuma ba ta sake tasiri ba.

A kotu ma NASCAR ta saba fita ba tare da ƙwarzane mai yawa ba. Masu filin tsere na Kentucky sun maka ta a 2005 bisa zargin babakere, kotu ta kori ƙarar a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar. Saboda haka, lokacin da ƙungiyoyin biyu suka shigar da tasu ƙarar a ranar 2 ga Oktoba, 2024, tarihi ba ya bayansu.

Abin da ake rigima a kansa

Kafin 2016, mai ƙungiya a NASCAR ba shi da wata kadara face garejinsa da motocinsa. Ranar da masu ɗaukar nauyi suka janye, sai ya yi gwanjon kayan aiki ya tafi gida. Bayan da manyan ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa ƙawance a 2014, NASCAR ta fito da tsarin takardun gurbi guda 36 a 2016. Duk motar da ke da takarda tana da tabbacin shiga kowane tsere, tana da kuma wani kaso tabbatacce na kuɗin gasa. Tunda motoci 40 ake bari su shiga tsere, gurabe huɗu ne kawai suka rage wa marasa takarda, kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba.

Ana iya sayar da takardar, kuma darajarta ta yi tashin gwauron zabo. A 2018 Front Row ta sayi guda ɗaya tare da kayan wata ƙungiya da ta karye a kan kuɗin da bai wuce dala miliyan 2 da 'yan kai ba. Zuwa 2023 rahotanni sun ce an sayar da wata a kan kusan dala miliyan 40. NASCAR ta riƙe wannan a matsayin babbar hujjarta: wace irin zalunta ce ke sa kadarar wanda ake zalunta ta ninka har sau ashirin?

Amma a wancan lokaci takardar tana da wa'adi. Tana ƙarewa ne tare da yarjejeniyar nuna gasar a talabijin, sannan a sake zama teburin ciniki. Wato mutum ya zuba dala miliyan 40 a kan abin da mai gida zai iya ƙin sabuntawa. Shi ya sa buƙatar farko ta ƙungiyoyi a tattaunawar da aka shafe fiye da shekaru biyu ana yi ita ce a cire wa'adin.

Buƙata ta biyu kuɗi ce. NASCAR ta ƙulla yarjejeniyar shekaru bakwai, daga 2025 zuwa 2031, da kafofin Fox da NBC da Amazon da TNT a kan dala biliyan 7.7. Hamlin ya shaida wa kotu cewa fitar da mota ɗaya tsere na kakar wasa guda yana cin kimanin dala miliyan 20, alhali abin da sabuwar yarjejeniyar ta tabbatar wa kowace mota bai wuce kimanin dala miliyan 12.5 ba. Giɓin da ke tsakani sai ƙungiya ta nemo shi daga kamfanonin da ke liƙa tallarsu a jikin mota. Jenkins kuwa ya ce tun da ya shiga harkar bai taɓa cin riba ba, har da shekarar 2021 da direbansa Michael McDowell ya lashe Daytona 500, tsere mafi daraja a gasar, kuma asararsa ta kai dala miliyan 100. A taƙaice, kukan ƙungiyoyin shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ranar Juma'a, 6 ga Satumba, 2024, NASCAR ta aika wa ƙungiyoyi tayinta na ƙarshe da yamma, takarda mai shafuka fiye da ɗari, ta ba su zuwa tsakar dare su sa hannu ko su rasa gurabensu. Daga cikin ƙungiyoyi 15, guda 13 suka sa hannu. Babu dindindin a ciki. Akwai kuma wata sadara da aka fahimta a matsayin yafe haƙƙin kai NASCAR ƙara a kan babakere. Jordan da Jenkins suka ƙi.

Kai-komo a gaban alƙalai

Ƙungiyoyin sun ɗauki lauya Jeffrey Kessler, wanda ya yi suna wajen karya ƙa'idojin hukumomin wasanni. Yana cikin waɗanda suka kayar da hukumar wasannin jami'o'in Amurka a Kotun Ƙoli a 2021, kuma shi ya wakilci 'yan wasan ƙwallon ƙafa mata na Amurka a rigimarsu ta neman daidaiton albashi. Ya kafa ƙarar a kan dokar Sherman ta 1890, tsohuwar dokar hana babakere a kasuwa.

Hujjarsa tana buƙatar a tsaya a fahimce ta, domin ta saɓa wa abin da aka saba ji. Yawanci idan aka ce babakere, ana nufin mai sayarwa ɗaya tilo da ke tsawwala wa masu saye. A nan akasin haka ne: mai saye ɗaya tilo. Ƙungiyoyi suna sayar da hidimarsu, wato motoci da direbobi da makanikai, kuma NASCAR ce kaɗai mai sayen wannan hidima a matakin ƙoli. Manomin da ɗan kasuwa ɗaya ne kawai ke zuwa ƙauyensu ya san yadda ake yanka farashi a irin wannan ciniki.

Kasancewa kai kaɗai a kasuwa ba laifi ba ne a dokar Amurka. Laifin shi ne toshe hanyar da wani zai shigo. A nan Kessler ya jero abubuwan da ya ce NASCAR ta yi: ta sayi gasar ARCA a 2018, ta haɗiye kamfanin ISC mai tarin filayen tsere a 2019 a kan kusan dala biliyan 2, ta ɗaure sauran filaye da sharaɗin kada su karɓi wata gasa mai kama da tata, sannan daga 2022 ta wajabta sabuwar mota wadda dole a sayi sassanta daga kamfanonin da ta zaɓa, kuma ba a yarda a yi tsere da ita a wata gasa ba. Ƙungiya ce ke biyan kuɗin mota, amma ba ta da ikon kai ta wata kasuwa.

A Disamban 2024 Mai shari'a Bell ya ba da umarnin wucin gadi cewa a bar ƙungiyoyin su yi kakar 2025 a matsayin masu takarda, har da ƙarin takarda ɗaya-ɗaya da kowaccensu ta saya daga Stewart-Haas Racing da ta rufe. A ranar 5 ga Yuni, 2025, kotun ɗaukaka ƙara da ke Richmond ta soke umarnin. Ra'ayin alƙalanta uku shi ne mutum ba zai ci moriyar yarjejeniya ba alhali ya ƙi ɗaya daga cikin sharuɗɗanta yana kuma ƙalubalantar ta. Daga watan Yuli motocin shida suka koma marasa takarda. A cikin wannan hali ne Bubba Wallace na 23XI ya lashe tseren Brickyard 400 a Indianapolis.

NASCAR ma ta shigar da tata ƙarar a Maris 2025, tana zargin ƙungiyoyin da Curtis Polk, abokin kasuwancin Jordan, da haɗa baki wajen ciniki. Alƙali ya yi watsi da ita a Oktoba. Abin da ya fi muni ga hukumar shi ne ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: domin ta gina ƙararta, sai da ta fayyace kasuwar da ta ce an yi mata haɗin baki a ciki, kuma alƙali ya yi amfani da wannan bayani nata wajen yanke hukunci a Nuwamba cewa kasuwar ita ce ta babbar gasar tseren irin waɗannan motoci, kuma NASCAR ce ke riƙe da wuƙa da nama a cikinta. Kafin a kira shaida ko ɗaya, an riga an sare wa hukumar ƙafa guda.

Abin da ya ɓata wa NASCAR suna a bainar jama'a kuwa saƙonnin waya ne da imel da aka tilasta wa ɓangarorin biyu su miƙa. An ga kwamishinan gasar na lokacin, Steve Phelps, yana yi wa dattijo Richard Childress, mai ƙungiyar da marigayi Dale Earnhardt ya ci kambu shida a cikinta, kalaman cin mutunci. An ga manyan jami'ai suna bayyana fatan ganin bayan wata ƙaramar gasa mai suna SRX, wadda ta gudana daga 2021 zuwa 2023. An kuma ga wasiƙun da manyan masu ƙungiyoyi irin su Rick Hendrick da Roger Penske suka rubuta suna roƙon a ba su dindindin. Saƙonnin ɓangaren Jordan ma ba su fita fes ba, amma mai shigar da ƙara da ya zagi abokan sana'arsa bai karya dokar kasuwa ba, jami'in da ya rubuta cewa yana son kashe kishiyar gasa kuwa ya miƙa wa lauyan abokin hamayya makami.

Masanin tattalin arziki Edward Snyder, wanda ƙungiyoyin suka gabatar, ya ƙiyasta asararsu a kan dala miliyan 364.7. Dokar Amurka ta tanadi a ninka diyya sau uku a irin wannan shari'a, wato abin zai iya haura dala biliyan ɗaya. Bayan haka alƙali na da ikon umartar a sayar da filaye ko a rushe tsarin takardun baki ɗaya. Wannan na ƙarshe ya tsorata har ƙungiyoyi 13 da ba sa cikin shari'ar, domin zai iya mayar da takardunsu toka. Kowa na da abin asara, shi ya sa sulhu ya yiwu.

Turai ta riga ta bi wannan hanya

Gasar Formula 1 ta fuskanci tambaya iri ɗaya shekaru da dama da suka wuce. Hukumar Tarayyar Turai ta binciki FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya mai mazauni a Paris, ta kuma rufe binciken a 2001 bayan FIA ta amince ta tsaya a matsayin mai kafa doka kawai, ta bar harkar kasuwancin gasar ga wani kamfani dabam. Kamfanin Liberty Media na Amurka ne ke riƙe da wannan ɓangare tun 2017, rabon kuɗi kuma yana bin wata yarjejeniya ta ɓangarori uku da ake sabuntawa tun 1981.

Raba ikon bai kashe rigima ba. A 2007 FIA ta ci tarar McLaren dala miliyan 100 kan mallakar bayanan sirri na Ferrari. A Janairun 2010 wata kotun Paris ta soke haramcin har abada da FIA ta ɗora wa Flavio Briatore kan hatsarin ganganci da aka shirya a tseren Singapore na 2008. Ƙananan ƙungiyoyi biyu, Force India da Sauber, sun kai kuka Tarayyar Turai a 2015 kan rashin adalci a rabon kuɗi, suka janye a 2018.

Misalin da ya fi dacewa da darasin Charlotte shi ne na Michael Andretti. FIA ta amince da buƙatarsa ta shiga gasar a Oktoban 2023, ɓangaren kasuwanci ya ƙi a Janairun 2024, ƙungiyoyi goma da ke ciki kuma ba su ɓoye cewa ba sa son a ƙara cokali a kwanonsu ba. Sai da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fara bincike, kamar yadda Liberty Media ta tabbatar a Agustan 2024, sannan daga baya aka buɗe ƙofa ga Cadillac ta kamfanin General Motors ta zama ƙungiya ta 11 daga 2026. A can ma ba a kai ga hukunci ba.

A ƙwallon ƙafa ne aka samu hukunci ƙarara. A ranar 21 ga Disamba, 2023, Kotun Tarayyar Turai ta ce ƙa'idojin FIFA da UEFA na hana kafa sabuwar gasa sai da izininsu sun saɓa wa doka, domin ba su da ma'auni bayyananne da ke hana son kai.

Wa ya ci, wa ya rage a waje

Babu shakka ƙungiyoyi sun samu abin da suka fi nema. Takardar da ba ta da wa'adi kadara ce da banki zai iya karɓa jingina, mai zuba jari kuma zai iya saye da kwanciyar hankali. Abin lura shi ne ƙungiyoyi 13 da suka sa hannu a daren 6 ga Satumba za su ci gajiyar yaƙin da ba su yi ba. Haka nan shari'ar ta nuna cewa ƙalubalantar irin wannan hukuma sai mai ƙashin arziki. Da babu aljihun Jordan da sunansa, da wuya wata ƙungiya ta jure rabin kakar wasa tana tsere ba tare da cikakken kasonta ba.

Sai dai bai kamata a yi gaggawar kiran wannan nasarar buɗaɗɗiyar kasuwa ba. An shigar da ƙarar ne da sunan yaƙi da toshe hanya, an kuma rufe ta da yarjejeniyar da ta tabbatar wa masu gurabe 36 kujerunsu. Matashin makaniki ko tsohon direban da ke mafarkin kafa ƙungiya, kamar yadda Childress ya fara da tsohuwar mota guda a shekarun 1960, yanzu sai ya nemo miliyoyin dalolin da za su saya masa gurbi daga hannun wanda ya riga shi. Labarin Andretti ya nuna abin da ƙungiyoyi ke yi idan suka samu ikon tsare ƙofa: su ma rufe ta suke yi.

Hujjar Jim France ma ba ta rasa nauyi ba. Iyalansa ne suka gina filaye, suka ɗauki kasadar shekaru fiye da saba'in, kuma ba wanda ya san yadda kasuwar talabijin za ta kasance nan da shekaru ashirin. Ɗaure kai da alƙawarin har abada a kasuwa mai sauyawa abu ne da kowane ɗan kasuwa zai yi jinkiri a kai. Kuskuren hukumar yana cikin salon cinikinta. Wa'adin sa'o'i kaɗan a kan takarda mai shafuka sama da ɗari shi ne irin abin da ke sa mai sauraro ya yarda cewa wanda ya bayar da shi ya san ba inda abokin cinikinsa zai je.

Sulhun bai tilasta wa NASCAR sayar da ko fili ɗaya ba, kamfanin kuma yana nan a hannun iyalan France. Tunda masu taya alƙali ba su yanke hukunci ba, babu wata kotu da ta ce hukumar ta karya doka. Abin da ya rage a kundin kotu shi ne hukuncin Mai shari'a Bell na Nuwamba cewa NASCAR ce mai saye ɗaya tilo a kasuwarta. Hukuncin ƙaramar kotun tarayya ne wanda bai ɗaure sauran kotuna ba, amma lauyan duk wanda zai shigar da ƙara nan gaba, ko mai filin tsere ne ko mai ƙera sassan mota ko direba, zai fara ne daga nan. Yarjejeniyar talabijin ta yanzu za ta ƙare a 2031, kuma dole a sake zama a raba sabon kuɗi, a wannan karon da ƙungiyoyin da ba za a iya yi musu barazanar ƙarewar wa'adin takardunsu ba.